Kwana biyu da Porsche 911 Carrera ƙirar 1987

A bazarar da ta wuce na ɗauki hayar Porsche 911 Carrera 3.2 ƙirar 1987 daga wani kamfani mai ba da hayar tsofaffin motoci a wajen birnin Stuttgart na Jamus, na yi kwana biyu ina tuƙa ta, akasari a kan hanyar tsaunuka da ta tashi daga Baden-Baden zuwa Freudenstadt. Abin da na gano shi ne, duk wani hali na motar nan, mai daɗi da mai wuyar sha'ani, ya samo asali ne daga wurin da aka ajiye injinta.

Injin yana can baya, bayan tayoyin baya ma, but ɗin kaya kuma yana gaba, tsarin da duk wanda ya san tsohuwar Volkswagen Beetle zai gane nan take. Ba abin mamaki ba ne, domin Ferdinand Porsche ne ya tsara Beetle, jikansa Ferdinand Alexander Porsche kuma shi ya zana surar 911, wadda aka fara nunawa a baje kolin motoci na Frankfurt a 1963 da sunan 901. Kamfanin Peugeot na Faransa ne ya ƙi amincewa, ya ce lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce, kamar yadda muka sani a jikin 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, sai aka canza sifilin ya koma ɗaya.

Da na zauna a ciki sai da na yi ta lalube a dama kafin na tuna cewa makullin yana hagun sitiyari. Agogo biyar ne jere a gaban direba, kuma mafi girma, wanda yake tsakiya, ba na gudu ba ne, na juyawar inji ne. Birki da kuloci daga ƙasa suke tasowa maimakon su sauko daga sama, sun kuma ɗan karkata zuwa tsakiya, har sai da na yi kusan awa guda kafin ƙafata ta saba. Injin mai silinda shida ne a kwance, ba shi da lagireto balle ruwa, wata babbar fanka ce ke hura masa iska, ƙararta kuma tana haɗuwa da ta salansa ta ba da wani sauti da ba ya fita daga kunne. Kamfanin Porsche bai rabu da wannan tsari na sanyaya inji da iska a 911 ba sai 1998.

A kan kwanonin hanya ne motar ta nuna ko ita wace ce. Da yake gaban ba shi da nauyi, sitiyarin yana isar da kowace tsakuwa da kowace gargada zuwa tafin hannu, ko da yake wajen fakin sai an sa ƙarfi, tunda babu abin da ke taimaka masa. Mutumin da ya miƙa mini makulli ya ja kunnena cewa in rage gudu kafin shiga kwana, kada kuma in ɗage ƙafa daga totur kwatsam ina tsakiyarta, don nauyin baya na iya juyo da motar. Sau ɗaya na yi sakaci a wata kwana mai laima, na ji bayan ya ɗan motsa, jikina ya yi sanyi. Amma idan aka bi ƙa'idarta, fitowa daga kwana da ƙarfin doki 231 yana danne tayoyin baya a kan kwalta abu ne da ban taɓa ji a wata mota ba.

Kujerun baya na yara ne ko jaka, babba ba zai zauna ba. Ƙorafina yana kan masu hayar, waɗanda suka ɓata mini kusan awa biyu wajen cike takardu, ba su kuma gaya mini cewa ana auna baƙin man wannan mota ne inji yana kunne bayan ya yi zafi ba. Da safiyar rana ta biyu na zaro sandar awo inji yana kashe, na gan ta kusan a bushe, hankalina ya tashi, sai da wani dattijo a gidan mai ya tayar da motar, ya jira mintuna, ya nuna mini man yana daidai inda ya kamata.