Casio fx-991EX wajen fasa manyan lambobi: ina ta tsaya?

Ɗaliban lissafi a ABU Samaru sun fi sanin wannan kalkuleta da warware ikweshan, amma akwai maɓallin FACT da ke fasa lamba zuwa firam-firam ɗinta, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Ka rubuta lambar, ka danna =, sannan SHIFT da maɓallin digiri da minti. In ka manta da =, ba za ta yi ba.

Gwada 720720. Nan take za ta ba ka 2⁴×3²×5×7×11×13. Ƙara 1 a kan kowane ƙaramin adadi na sama (inda babu, ka ɗauke shi 1) ka ninka su, 5×3×2×2×2×2, ka ga lambobi 240 ne ke raba ta ba saura. Haka 33550336 za ta fito 2¹²×8191. Wannan ita ce ta biyar a jerin cikakkun lambobi, bayan 6, 28, 496 da 8128, waɗanda in ka tara masu raba su ban da su kansu, sai ka dawo kan lambar.

Matsalar tana cikin baka, wato alamar ( ). Na'urar tana gwada rabawa ne da firam masu alƙaluma uku zuwa ƙasa, na ƙarshensu 997. Abin da ya rage in bai kai 1018081 ba, wato 1009×1009, tabbas firam ne, sai ta nuna shi a fili. In ya kai, sai ta sa shi cikin baka biyu, ma'ana ta gaza. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar bakan nan a matsayin shaidar firam, kuma kuskure ne babba. Sa 1022117, za ta fito cikin baka, alhali 1009×1013 ce. Sa 2147483647, ita ma cikin baka, amma wannan firam ce ta gaske, masanin lissafi Euler ya tabbatar da ita tun 1772. Fuska ɗaya, hali daban. Mai son tabbatar da ta biyun da hannu sai ya gwada raba ta da firam har wajen 46340, tunda 46340×46340 ya kusa kai ta, aikin da ya fi dacewa da kwamfuta.

Lambar da ta wuce alƙaluma 10 kuwa ba ta fasuwa sam, allon ma yanke wutsiyarta yake yi ya nuna ta da ×10. Don haka kada ka dogara da shi wajen gane ko lambar mara ce ko cika.

Tana aiki da hasken rana da batir LR44 guda ɗaya. Jabu sun yi yawa a kasuwa, saboda haka ko a Sabon Gari ko a Samaru za ka saya, danna MENU, sannan SHIFT da OPTN ka ga ko lambar QR ta fito, sannan ka gwada 33550336 a gaban mai shago. Ga ɗan sakandare da ɗan aji ɗaya a jami'a ta wadatar. Mai nazarin lambobi a manyan azuzuwa gara ya koma manhajar kwamfuta ta PARI/GP, kyauta ne.