Wuƙar Aljihu Mai Araha da Mai Tsada: Ina Kuɗin Yake Tafiya?

Harkar kayan masarufi nake yi, don haka daga buɗe shago zuwa rufewa hannuna ba ya rabuwa da wuƙa. A farke kwalin taliya, a tsinke igiyar da aka ɗaure kaya, a kwance ɗinkin bakin buhun sukari, in rana ta take a fere mangwaro ko a sassaƙe rake. Wuƙaƙe biyu na daɗe ina musanyawa a aljihu. Ɗaya Opinel ce mai lamba 8, 'yar Faransa, wadda kuɗinta a can ba ya nisa da dala 20. Ɗayar kuwa Spyderco Paramilitary 2 ce, ƙirar Amurka, wadda sabuwarta takan doshi dala 200. Ninki goma ke nan. Duk wanda ya ji farashin, tambayarsa ɗaya ce: to ta fi waccan yanka ninki goma ne? Ba ta fi ba. A wasu ayyukan ma mai arahar ce ke gaba.

Kafin in shiga cikinsu, bari in kawar da wata daga hanya, wato wuƙar tebur ɗin kasuwa marar suna, mai walƙiya, mai zanen damisa ko gaggafa a mariƙi. Na riƙe irinsu. Ƙarfensu laushi ne, kwali kaɗan ya ishe shi ya dakushe, amma ba wannan ne babban laifinsu ba. Laifin yana wajen sakatar da ke riƙe ruwan wuƙar idan an buɗe. Wata sai ka ga sakatar ta ɗan taɓa gindin ƙarfen ne kawai, da ka danna da ƙarfi sai ta zame, wuƙa ta naɗo kan yatsunka. Wuƙar da ba ta da sakata sam ta fi mai sakatar ƙarya aminci, domin ita ka san halinta, kana kaffa-kaffa da ita. Idan ana cewa araha ba ta ado, irin waɗannan ake nufi, ba kowace mai sauƙin kuɗi ba.

Opinel daban ce. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie, cikin duwatsun kudu maso gabashin Faransa, kuma har yau fasalinta bai sauya sosai ba: mariƙin katako, ruwan wuƙa mai tsawon santimita 8.5, da wani zobe na ƙarfe a wuya wanda ɗansa Marcel ya ƙara a 1955. Ka buɗe wuƙa, ka murɗa zoben, ya tare ta. Daga shekarar 2000 zoben yana kulle ta ko tana naɗe, don kada ta buɗe a aljihu. Nauyinta bai kai giram 50 ba, har kakan manta tana jikinka.

Abin da ya sa take yanka haka shi ne sirantakarta. Kaurin bayan ƙarfenta bai kai milimita 2 ba, na Paramilitary 2 kuwa ya kai milimita 3.7. Mutane sun fi maganar kaifi, amma kaifi ƙofa kawai yake buɗewa. Sauran ƙarfen da ke biye da shi dole ya ratsa cikin abin da ake yankawa. Ɗauki albasa ko dankalin Hausa ka gwada. Opinel za ta zare ta wuce, yankan ya fito sumul. Mai kaurin za ta shiga rabi sannan ta tsage abin gida biyu. Ko da Opinel ta fara dakushewa, sirantakar tana rufa mata asiri. A fira da yankan nama da duk wani abu na ci, ban taɓa jin ina bukatar wadda ta fi ta ba.

Opinel ɗin tawa ta baƙin ƙarfe ce, wanda suke kira XC90, carbon ɗinsa kusan kashi 0.9 cikin ɗari, ba shi da sinadarin da ke hana tsatsa. Halin irin wannan ƙarfe sananne ne: ka yanka lemon tsami ko tumatir, kan ka an jima ya yi duhu-duhu. Wannan duhun ba illa ba ne, yana ma ɗan kare shi. Jar tsatsa ce abin gudu, ita kuwa sai an bar wuƙar a jiƙe. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya, akwai irinta ta ƙarfen Sandvik na Suwidin wanda ba ya tsatsa, kuɗin kusan ɗaya. Haka kuma katako katako ne. Da damina yakan sha danshi ya kumbura ya matse ƙarfen, da hunturu ya bushe ya saki. Mutanen Savoie suna da dabararsu tun da: a ƙwanƙwasa ƙarshen mariƙin a jikin tebur, tsinin ya leƙo, a kama a ja.

Sai dai ba a buɗe ta da hannu ɗaya, kuma a nan ne mai tsadar ta fara karɓar kuɗinta.

Ka ɗauka hannunka na hagu yana riƙe da bakin buhu, ko kana tallafe da kwali a kan tsani. Paramilitary 2 tana maƙale a bakin aljihu da maƙalinta na ƙarfe, ka zaro, babban yatsa ya shiga ramin nan mai da'ira da ke jikin ruwan wuƙar, ka tura, ta buɗe ta kulle kanta. Ka gama, ka matsa sakatar da ke bayan mariƙin, wuƙar ta faɗa gidanta, ba tare da yatsa ko ɗaya ya gitta hanyar kaifi ba. Yadda sakatar take aiki ma abin lura ne: wani ɓangaren ƙarfen cikin mariƙin ne ke shiga tsakanin gindin ruwan wuƙa da wata ƙusa da ke tare shi, don haka duk ƙarfin da aka sa, matse sakatar yake yi, ba lanƙwasa ta ba. Ramin yatsa da maƙalin aljihu kuwa Sal Glesser, mai kamfanin Spyderco, shi ya fito da su tare a wuƙarsu ta farko a 1981, yau kusan kowane kamfani yana sa maƙalin. A ranar da mota ta sauke kaya, ana buɗe wuƙa ana rufewa ba adadi, wannan sauƙin ba ƙarami ba ne. Mariƙinta na G-10, wato zaren gilashi da aka matse da ƙaro, ba ruwansa da damina ko hunturu, kuma ba ya santsi ko hannu ya yi gumi.

Wuri na biyu da kuɗin ya tafi shi ne ƙarfe. Tawa ta S30V ce. Sababbin da ake fitarwa yanzu S45VN ake sa musu, ƙanensa. Shi S30V yana da carbon kashi 1.45, chromium kashi 14, vanadium kashi 4, da molybdenum kashi 2. Ba a zuba shi a bar shi ya daskare kamar ƙarfen gargajiya. Ana narkar da shi a fesa ya zama gari, sannan a matse garin da zafi da nauyi har ya dunƙule. Amfanin haka shi ne 'yan ƙwayoyin nan masu tsananin tauri da vanadium ke haifarwa su zama ƙanana, su bazu daidai a ko'ina cikin ƙarfen. Su ne ke hana bakin wuƙa cinyewa.

Kwali kuwa babban maƙiyin kaifi ne, saboda ƙasa-ƙasa da dattin da ke cikin takardarsa. Idan na yini ina farke kwalaye da Opinel, kafin la'asar ta fara jan takarda maimakon yanka ta. Paramilitary 2 takan ɗauki makonni a wannan aikin tana ci. A nan babu gardama, ta yi mata fintinkau.

To amma duk wuƙa sai ta dakushe, kuma ranar da mai tsada ta dakushe ne za ka gane abin da ka saya. Opinel ko gindin kofin tangaran ka kifa, ka goga ta a zoben nan marar sheƙi, ka ƙarasa a bayan bel na fata, cikin minti biyu ta dawo tana aske gashin hannu. Kowane dutsen wasa wuƙa na gidan mahauci yana cinta. S30V ba haka yake ba. Waɗancan ƙwayoyin vanadium sun fi dutsen wasa na yau da kullum tauri, sai ka yi ta gugar wuƙa dutse na cinyewa, kaifi na tahowa a hankali. Abin da yake ji shi ne faranti mai ɓarɓashin daimon, shi kuma ba a kowace kasuwa ake samunsa ba, kuma mai kyansa kaɗai ya fi Opinel tsada. Lamarin kamar sayen motar da babu makanikinta ne a garinku: tana lafiya kai ne sarki, ta tsaya kai ne abin tausayi. Ba banza ba ma kamfanin Spyderco, kafin ya ƙera wuƙa ko ɗaya, kayan wasa wuƙa yake sayarwa.

Kada kuma a miƙa irin wannan wuƙa ga mai injin wasa na bakin titi. Injin yana cin ƙarfe da yawa, yana kuma ɗumama shi. Da zarar bakin wuƙa ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, taurin da aka ba shi a masana'anta ya tafi, wurin ya zama laushi. Kuɗin da ka biya don ƙarfen ya bi tartsatsi.

Akwai wani abu da ba a rubutawa a jikin kwalin wuƙa, shi ne aro. A kasuwa wuƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. “Alhaji, ɗan ba ni wuƙarka,” in ji maƙwabci, ko yaron shago, ko direban da ya kawo kaya. Ba ka hanawa. Kuma wanda ya ara ba yanka kaɗai yake yi da ita ba. Zai ɓamɓare murfin gwangwani, ya kwance noti, ya kankare siminti. Ƙarfe mai tsananin tauri ba ya son a banƙare shi, tsinin Paramilitary 2 kuma siriri ne, an yi shi don aikin ƙwarewa. Idan Opinel ce aka ara, hankalina kwance yake, ko ba ta dawo ba ban yi asarar da za ta hana ni barci ba. Idan ɗayar ce, sai in tsinci kaina ina bin mutum da ido har ya gama, wani lokacin ma in ce kawo in yanka maka. Wuƙar da kake jin tsoron bayarwa, rabin amfaninta ya ragu a wurin da muke zaune.

Sannan ga kamanni. Opinel da mariƙinta na katako, kowa ya gani ya san ta fira ce. Baƙar wuƙa mai buɗewa farat ɗaya da ƙara, a garin da ake fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya, tana jawo kallo, kuma a shingen bincike tana jawo tambayoyin da mutum bai shirya amsawa ba. Ko a Turai haka abin yake ta fuskar doka. A Ingila, wuƙar da aka yarda mutum ya yawata da ita ba tare da wani dalili ba ita ce mai naɗewa, marar sakata, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. Ka ga duka biyun nan ba su tsallake ba. A Jamus kuma doka ta hana yawo da mai kullewa da ake buɗewa da hannu ɗaya sai da hujja. Jirgin sama kuwa, kowacce ce, cikin babban akwati take tafiya, ba jakar hannu ba.

Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma a ganina nan ne mafi yawan masu aiki irin nawa ya kamata su duba. Wuƙaƙe irin su Ontario RAT 1 da ake ƙerawa a Taiwan, ko Civivi Elementum ta ƙasar Sin mai ƙarfen D2, suna ba ka buɗewa da hannu ɗaya, da maƙalin aljihu, da sakata ta gaskiya, a kan kuɗin da bai kai sulusin na Spyderco ba. D2 yana riƙe kaifi sosai, sai dai chromium ɗinsa, wato sinadarin da ke hana tsatsa, kashi 12 ne kuma kaso mai yawa daga ciki a ɗaure yake da carbon, don haka yakan ɗan yi tsatsa in an yi sakaci. Abin da zan ja hankali a kai shi ne mahaɗa. Wasu na juyawa a kan boris ƙanana, suna buɗewa da santsi mai daɗi, amma ƙurar hunturu da garin buhu suna shiga tsakaninsu, sai an riƙa wankewa. Masu juyawa a kan faifan tagulla, irin Paramilitary 2 da RAT 1, sun fi haƙuri da ƙura. Wanda kuma yake son almakashi da abin kwance noti a haɗe, Victorinox ta Suwizalan, wadda Karl Elsener ya kafa a 1884, tana nan. Ƙarfenta ba shi da tauri sosai amma ba ya tsatsa, kuma yana ɗaukar kaifi nan da nan.

Yanzu haka Opinel ce ke kwana a aljihuna. Paramilitary 2 tana aljihun tebur, ranar sauke kaya nake fito da ita, ranar kuwa ba na musanya ta da komai. Wanda ya ƙudurta sayen irinta ya sa kuɗin farantin daimon cikin lissafi tun farko, ya kuma yi hattara da jabu, domin tana cikin wuƙaƙen da aka fi kwaikwayo. Idan ka ga an sa mata kuɗin da bai kai rabin na asali ba a intanet, sunan kawai ake sayar maka, ƙarfen da sakatar na wancan tebur ɗin kasuwa ne. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya ya ishi mahaɗar kowaccensu. Ruwan wuƙar da za ta taɓa abinci kuwa, a goge shi ya bushe sannan a ɗan shafa masa man gyaɗa.