Labarin motar nan dai, tunda ka matsa

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Na saurari saƙonka, wai daga ganin hoton mota ɗaya har ka fara kirana Alhaji, to Allah ya amsa bakinka. A waya kullum kafin in kai ƙarshen magana layi ya tsinke, shi yasa nace yau bari in zauna in rubuto maka yadda abin yake tun daga tushe, don kaga mota ce kawai a hoto amma baka ga takardun dake bayanta ba.

Ita irin wannan motar, babbar salun mai ƙofa huɗu mai faɗin ciki, a nan Amurka ta kusa ƙarewa fa. Hukumar muhalli ta ƙasar, EPA, ita ke raba motoci aji aji, kuma ba tsawon mota take dubawa ba, cikinta take aunawa, in aka haɗa wurin zama da but ya kai kubik fit 120 to ta shiga ajin manya. Da can duk wani kamfani na da tasa. Yanzu kuwa Ford sun daina Taurus a nan tun 2019, Chevrolet suka rufe Impala a 2020, Toyota suka ajiye Avalon bayan ta 2022 suka kawo Crown a madadinta, Chrysler 300 da Nissan Maxima su kuma 2023 ce ƙarshensu. Ba wai motocin ne suka lalace ba, mutanen ne suka juya musu baya, kowa jif yake so ko a-kori-kura, mutum ɗaya tal a cikin ƙatuwar a-kori-kurar Ford F-150 zai tafi ofis ba kaya ba komai. Abin dariya ita Taurus ɗin har yanzu ana sayar da sabuwarta a Saudiyya da Dubai, a Chana ake ƙera musu, ƙasar da ta haife ta ce kawai ta daina so. Ni dai salun nake so don aikina tafiyar babbar hanya ce, tana kwanciya a titi, iska bata kaɗa ta, bata shan mai kamar jif, kuma in na ɗauko baƙi daga filin jirgi manya uku na zama a baya ba a matse ba, akwatuna su shige but a rufe.

Abin da ya fara bani mamaki shine baka isa ka je kamfani kace a sayar maka da mota ba. Dokar yawancin jihohi ta hana, dole ka bi ta hannun dila, shi kuma dilan kasuwancinsa daban ne, sunan kamfanin ne kawai a allonsa. Ka duba Tesla, hedikwatarsu a Austin take nan cikin Teksas, amma dokar jihar bata basu damar buɗe shagon sayarwa kai tsaye ba, sai dai ka yi oda ta intanet a bi da takardun ta wata jihar. Sannan dila a nan baya buɗewa Asabar da Lahadi duka biyun, doka ce, sai ya zaɓi ɗaya, kusan duk Lahadi suke rufewa. To mutane sai suka maida Lahadin ranar zagaya filin motoci, ka leƙa ta gilas ka karanta farashi a natse ba mai bin ka a baya yana maka daɗin baki.

Kowace sabuwar mota akwai wata babbar takarda manne a gilas ɗin gefe, tun 1958 doka ta wajabta ta, sunan wani sanata na Oklahoma ma ake kiranta dashi, Monroney. A jiki zaka ga farashin da kamfani ya yanka, duk wani ƙari da aka saka da kuɗinsa, man da take sha a gari da kan babbar hanya, inda aka haɗa ta, da kuɗin ɗauko ta daga masana'anta wanda shi kaɗai ya haura dala dubu kuma ba a ragi a kansa. Wannan takardar ba ƙarya a ciki. Inda gizo ke saƙar shine wata 'yar siririyar takarda da dila ke mannawa a gefenta. Wani wurin da na fara shiga, a jikin tasu an rubuta kuɗin baƙin gilas, kuɗin wani man kare fenti, har da kuɗin iskar naitirojin a taya, nace bawan Allah iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 ai naitirojin ce, me zan biya a kai, yayi murmushi yace an riga an saka ba a cirewa, nace to a sayar wa wani. A 2021 da 2022 lokacin da aka yi ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin kwamfutar mota abin yafi haka muni, filaye duk wayam, dila ya ɗora dubbai a saman farashin kamfani kai tsaye kuma mutane na layi suna biya. Yanzu da sauƙi, ana tayi ana ragi, sai dai cinikin nasu ba na baki da baki bane, wanda ya iya baya ma zuwa, imel yake turawa dila uku huɗu yace kowa ya rubuto jimillar abin da zai biya ya fita da mota, haraji da komai a ciki, sai ya haɗa su faɗa da juna.

Ni oda na bayar. Zaka shiga shafin kamfanin ka haɗa motarka da kanka, kala, kujeru na fata ko na yadi, girman taya, har kalar cikin, ka kai wa dila, ka ajiye kafin alƙalami, galibi dala 500 zuwa 1,000, ya tura masana'anta. Ba kowane kamfani ke yin haka ba, irin su Ford da BMW suna ƙera maka abin da ka zaɓa, Toyota kuwa yawanci kason motoci suke rabawa dilolinsu, sai dai dila ya duba cikin masu zuwa ya kama maka wadda tafi kusa da abin da kake so. Kuma su dilolin basu cika son mai oda ba, don motocin da ke jibge a filinsu da bashin banki suka ɗauko su, duk kwana ɗaya da mota tayi a ajiye kuɗin ruwa na hawa kansu, shi yasa zaka ji ana ta lallaɓa ka wai ga wata nan kusan iri ɗaya ka tafi da ita yau yau. Na dai cije. Sai jira, jira kuma mai tsawo, makonni ba labari, can sai ga saƙo an bata lambar shasi, haruffa da lambobi 17, daga nan ka san an fara haɗa ta, sai a ce tana kan jirgin ƙasa, sai a ce tana jiran tirela. Kullum da asuba kafin in tashi daga kan sallaya sai na duba waya, matar gidan har ta gaji ta daina tambaya.

Ranar ɗauka kam ba ƙarya akwai daɗi, leda a kujeru, mil ɗin da ke kan agogo baifi a ƙirga da yatsu ba, ga ƙamshin nan na sabon abu. Amma kafin a miƙa maka makulli sai an shigar da kai wani ɗan ofis a ciki wajen mai kula da harkar kuɗi, kuma Yaya in gaya maka gaskiya nan ne ainihin kasuwar, duk cinikin da kayi a waje share fage ne. Nan ƙasar kowa na da maki na riƙon bashi, daga 300 zuwa 850, shi ke nuna ko kana biya a kan lokaci. Wanda bai taɓa cin bashi ba, ba shi da maki kwata kwata, su a wajensu wannan ba mutumin kirki bane, mutum ne da ba a sani ba, don haka sabon zuwa ko da kuɗi a asusunsa sai a ɗora masa ruwa mai yawa ko a ce ya kawo wanda zai tsaya masa. Tambayar farko da mai kula da kuɗin zai maka itace nawa kake iya biya a wata. Kar ka amsa. In kace kaza zai ja bashin daga wata 60 ya kai 72 ko 84 har lissafin ya zauna daidai bakinka, kai kana murna, alhali shekara bakwai kenan kana biya kuma jimillar ta ƙaru sosai. Daga nan ya juyo maka da allon kwamfuta, ƙarin garanti, inshorar taya, inshorar makulli in ya ɓata, kowanne yace ai 'yan daloli ne kawai a wata. Na ce a'a har bakina ya bushe.

Nasan abin da ke ranka, maganar riba. Nima ita ta tsayar dani tsawon lokaci ina hawa tsohuwar. Wasu 'yan uwa a nan tarawa suke su biya lakadan, wasu kuma su jira lokacin da kamfani ke fitar da tayin biya kaɗan kaɗan ba ruwa ko sisi, wanda sai mai maki mai kyau ake ba kuma wa'adin gajere ne, to ni wannan na samu, shi yasa biyan watan yake da nauyi. Na tambayi malamai a masallacinmu kafin in sa hannu, kai ma in kaga dama ka tambaya min a nan in ji. Sai haraji, a Teksas kashi 6.25 cikin 100 na kuɗin mota, kuma ba wayo, ko ka tafi jihar da bata karɓar harajin saye kamar Oregon ka sayo, ranar da kazo yin rajista a inda kake zaune sai ka biya. Da zarar ka sa hannu ka fita shikenan ta zama taka, babu zancen na canza shawara in dawo da ita jibi, kuma tun daga bakin get darajarta ta fara sauka, in ka juyo ka ce su saya a matsayin ta hannu zasu taya.

Inshora kuma ba takardar nuna wa ɗan sanda bace kawai, da gaske ake biya kuma da gaske suke biya. Mafi ƙaranci da dokar jihar nan ta yarda dashi shine wanda zai biya dala 30,000 in ka ji wa mutum ɗaya rauni, 60,000 a hatsari ɗaya, 25,000 na dukiyar da ka lalata, amma muddin akwai sauran bashi a kan mota wanda ya baka bashin zai ce sai cikakkiya. Shekarun da na yi ina tuƙi a gida duk basu san da su ba, daga ranar da na karɓi lasisin nan suka fara ƙirga min. Da farko ina jin haushin kuɗin, sai da naga ƙanƙarar da ake yi a nan lokacin bazara, wata kamar ƙwan kaza, ta sauko a kan motocin maƙwabta duk ta lotsa rufi ta farfasa gilas, tun ranar in naga hadari ya haɗo da gudu nake neman rumfa.

Wajen gyara ne zan ce sun burge ni kuma sun bani haushi a lokaci guda. Yawancin kamfanoni garantin shekara 3 ko mil 36,000 suke bayarwa a kan komai, injin da giya shekara 5 ko mil 60,000, Hyundai da Kia su har shekara 10 ko mil 100,000 a injin da giya ga wanda ya fara saye. Akwai dokar tarayya ta 1975 da ta hana a soke maka garanti don kawai ka canza baƙin mai a wani garejin, kai dai ka adana rasit. In kamfani ya gano wani lahani mai haɗari a irin motarka wasiƙa zata zo har gida a ce ka kawo a gyara kyauta. Jihar ma na da dokar da in sabuwar mota ta addabe ka, an kai ta gyara sau huɗu a kan matsala ɗaya cikin shekara 2 ko mil 24,000 bata gyaru ba, kana iya kai ƙara a canza maka ko a maida maka kuɗinka. Ranar sabis sai ka ɗauki lokaci a waya, ka zauna a ɗaki mai sanyi, makaniken da ko fuskarsa baka gani ba ya turo maka bidiyon ƙarƙashin motar yana haska birki da tocila yana bayani. Duk wannan yayi. Amma ranar da garanti ya ƙare ka shiga uku, don da awa ake biyan aikin hannu, sama da dala 100 duk awa, kuma ba mai kwance abu ya gyara, kwamfuta ce zata faɗi abin da ya lalace a cire shi ɗungurungum a sa sabo. Wallahi wani lokaci ina kewar makaniken da zai kara kunne a jikin injin yace maka ga abin da ke damunta.

Shi kuma Kawu da yace in na gaji da ita in saka masa a jirgin ruwa, ka faɗa masa a hankali cewa yanzu ko naso ba dama. Sunan masu bashin na kan takardar mallakar har sai na gama biya, su kuma kwastan na nan sai an nuna musu asalin takardar aƙalla awa 72 kafin mota ta bar ƙasar, in da bashi a kai sai da rubutaccen izinin mai bashin. Garantin ma yawanci baya tsallaka teku, kuma cikinta a ƙasa yake sosai, hanyar gonarsa sati ɗaya zata cinye mata bamba. In da gaske yake ya bari in na samu sarari mu duba masa mai tsayi ta hannu wadda ake samun kayanta a sauƙaƙe.

Ka gaida Inna da kyau, kace mata maganin nata na bayar an taho dashi, in ya iso ka sanar dani.