Sharhi Kan Jinyar Ciwon Waswasi a Wani Asibiti a Katsina

Na jima ina zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani babban asibiti a birnin Katsina saboda ciwon waswasi, wanda likitoci ke kira OCD, kuma ra'ayina shi ne jinyar tana aiki, sai dai ba ƙwayar magani ce ƙashin bayanta ba.

Nawa waswasin a kan tsarki ya tare. Buta ɗaya ba ta isata alwala, kuma nakan yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Likitan bai yi mamaki ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko abin yana cinye mini fiye da awa ɗaya a yini, domin wannan yana cikin ma'aunin da suke bambanta ciwo da taka-tsantsan. Ya bayyana mini cewa tunani ne ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba, sai ya yi wani aiki don ya sami sauƙi, kuma wannan ɗan sauƙin shi ke koya wa ƙwaƙwalwa ta sake nema.

An ɗora ni a kan maganin fuloksetin, mai aiki kan sirotonin, wani sinadari da ke cikin ƙwaƙwalwa. Da farko tashin zuciya da ƙarancin barci kawai na gani, amma an riga an gargaɗe ni cewa yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin amfaninsa ya bayyana, kuma ba a daina shi sai da sanin likita.

Inda na fi yabawa shi ne zama da masaniyar halayyar ɗan'adam. Hanyar da take bi, wadda wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Victor Meyer ya fara bayyanawa a Landan a 1966, ita ce a tunkari abin da ke tayar da shakka, sannan a ƙi yin maimaicin. Ta ce, "Malam, alwala ɗaya za ka yi, ka ajiye butar ka miƙe, ko da zuciyarka tana rantsuwa ba ka wanke gwiwar hannu ba." Gumi nake yi, amma fargabar takan hau ta sauko da kanta. Ta kuma kira maiɗakina ta ce, "Hajiya, idan ya tambaye ki ko kin ga ya wanke ƙafar hagu, kada ki amsa," domin tabbatarwar 'yan'uwa, duk da tausayi ne ke kawo ta, ciyar da ciwon take yi. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne wannan bai saɓa wa abin da muka karanta a Ahalari ba, inda aka ce mai waswasi ya watsar da shi, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi ba'adi kawai.

Akwai gyara. Layin ciro kati yakan kai mutum azahar, masu horo irin na masaniyar nan ba su da yawa, don haka tazarar da ke tsakanin zama da zama ta yi tsawo, alhali a farkon jinya ne aka fi buƙatar a riƙa ganin mutum a kai a kai. Wani lokacin kuma maganin yakan yanke a asibitin, sai an bi kemis-kemis da tsada. Wanda zai je daga Daura ko Jibiya ya yi sammako, kuma ya tafi da wanda ya saba yi wa tambayoyin neman tabbaci a gida.