Sharhin ranar ƙaddamarwa da na teburin mai shayi

Ƙanwata da kika tambaya wai in manazarci ya yabi sabon littafi ranar ƙaddamarwa, kuma kika ji ya kushe shi a bayan fage, wanne za ki ɗauka, to ni dai na zauna duka wuraren biyu nan Gusau.

Ranar ƙaddamarwa mai bitar littafi gayyato shi anka yi, an aika mai kwafi saura kwana uku taro, wani lokaci har da ɗan kuɗin mai a ambulan, ga iyayen marubuciya a layin gaba, ga babban mai ƙaddamarwa kowa ya kasa kunne ya ji nawa zai saya, wa zai miƙe ya ɓata wa mutane ciniki? Sai ki ji jigo ya fito, salo da armashi, sai dai 'yan kurakuran ɗab'i da za a gyara a bugu na gaba. To a 'yan kurakuran nan gizo ke saƙa.

Wani malami da munka saurara da rana yana zuba yabo, bayan isha'i a teburin mai shayi a Tudun Wada ya zaro kwafinsa daga aljihu, wallahi jan biro ko'ina. "Yace" da "tace" duk a haɗe, ba ƙugiya ko ɗaya a haruffa, abin da anka daidaita tun taron ƙa'idojin rubutun Hausa na Yamai a 1980. Kishiyar da anka yi wa jana'iza a babi na biyar sai ga ta babi na tara tana tuƙa tuwo. Ya ce rubutun WhatsApp ne anka harhaɗa, ko editan kirki bai gani ba.

Amma fa na teburin shayin ma ba wahayi ba ne. Can ba mai cewa kawo hujja, ga hassada, ga waɗanda tun shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano, wato littattafan labaran soyayya na Hausa, ya fito suke yatsina da duk labarin soyayya, balle in mace ta rubuta, har gasar Hikayata ta gajerun labaran mata da BBC Hausa ta fara a 2016 ba ta sa sun sauko ba.

Ni na bayan fagen nake ɗauka, amma sai in ya buɗe shafi ya ɗora min yatsa a kai. Wanda ya ce miki littafin shirme ne kawai, tambaye shi sunan tauraruwar, da yawansu a bango sunka tsaya.