Ƙaramar MiFi mai 150 ko rauta mai 300: a raba lambar da takwas tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wacce za ka saya tsakanin MiFi da rauta, na'urorin da ake saka musu sim su raba intanet ta waifai. Duka biyun da ka ambata na yi amfani da su a gidana a Samaru, Zariya, wato ƙaramar MiFi ta aljihu da aka rubuta 150 Mbps a kwalinta, da babbar rauta mai jona wuta wadda aka ce maka tana kai 300. Ka ɗauki rautar, amma da sharaɗi guda da zan zo kansa.

Lambobin nan ba su nufin abin da yawancinmu muke zato. Kamfanonin sadarwa da bit suke auna gudun intanet, waya da kwamfuta kuwa da bait suke nuna girman fayil, kuma sai an tara bit 8 ake samun bait 1. A rubuce bambancin baƙi ɗaya ne kawai: Mbps mai ƙaramin b megabit ne a kowane sakan, MB/s mai babban B kuma megabait ne. Saboda haka 150 Mbps idan aka raba da 8 ya zama megabait 18.75 a sakan, 300 kuma ya zama 37.5. Wannan ma iyakar ƙarfin na'urar ne a kan takarda, domin abin da zai iso ɗakinka ya danganta da nisanka da eriyar kamfani da yawan waɗanda kuke rabon sabis ɗin da su, kuma wani ɓangare na bit ɗin yana tafiya ne wajen ɗaukar adireshi da gyaran kuskure. Shi ya sa idan ina lissafi a ka, da 10 nake rabawa, ya fi kusa da abin da ido zai gani.

Rautar nan ta yi mini rana lokacin da ɗiyata take rubuta aikinta na kammala digiri a Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai wata manhaja mai girman gigabait 1.2 da ba makawa sai ta sauke ta a daren. Muka ɗora rautar a bakin taga ta wajen da eriyar kamfani take, muka miƙe ƙahonninta biyu, gwajin gudu ya nuna 24 Mbps. Ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan littafinta: 24 a raba da 8, megabait 3 ke nan a sakan, megabait 1,200 kuma a raba da 3 ya ba da sakan 400, wato ƙasa da minti 7. Kafin in gama shan shayin da ke hannuna, cikin minti 8, aikin ya kammala, kuma tun daga ranar ban sake sauke rautar daga tagar ba.

Ita kuwa MiFi, da sim ɗin nan dai a ɗakin nan dai 6 Mbps take ba ni, abin da zai ci kusan minti 27 a kan wannan fayil, ga zafi da take ɗauka. Amfaninta ɗaya shi ne batir da shiga aljihu, idan mutum matafiyi ne.

Sharaɗin da na ce shi ne ka tabbatar da ko 300 ɗin ta mece ce. Rautoci da yawa da ake rubuta wa 300 Mbps, gudun waifai ne tsakanin rautar da wayarka, alhali ɓangaren da ke karɓo sabis na 4G aji na 4 ne, wanda iyakarsa 150, daidai da na MiFi. Wadda ke kai 300 daga eriyar kamfani ita ce aji na 6, domin tana haɗa zangon sabis biyu a lokaci guda, idan eriyar unguwarku tana ba da damar haka. A jikin kwali za ka ga an rubuta Cat4 ko Cat6. Ka kuma duba ramin da ake soka kebul zuwa kwamfuta, domin idan na 100 Mbps ne ba zai wuce megabait 12.5 a sakan ba, kome ƙarfin sabis.

A nan ne wasu masu shago suke cutar mutane. Wanda ya sayar mini da MiFi a unguwar PZ ta Zariya da bakinsa ya ce mini megabait 150 take saukewa a sakan, na kuma yarda, sai da na isa gida na gane cewa ya ninka gaskiya sau takwas. Ka je da sim ɗinka, a saka a gabanka, a yi gwajin gudu ka ga lambar da idonka, sannan ka nemi yarjejeniyar mayarwa idan sabis ɗin unguwarku bai kama ba, domin abin da ya yi gudu a Sabon Gari ba lallai ya yi a Tudun Wada ko cikin birni ba.

Ka kuma tanadi data daidai da gudun, tunda 24 Mbps idan aka sake ta tana saukewa ba tsayawa, tana cinye gigabait 10.8 a awa ɗaya. Daga kuɗin da ka ware, ka rage na ƙaramin batir mai riƙe rautar idan an ɗauke wuta, ka duba bayanta ka ga ko volt nawa take ci kafin ka saya.