Toronto ko Montreal: Wanne Ya Fi Dacewa da Hutun Kwana Uku?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: yana da Asabar, Lahadi da Litinin na hutun Thanksgiving, wanda ke faɗowa Litinin ta biyu a watan Oktoba a Kanada. Zai tafi da uwargida da yara biyu, ba mota. Toronto zai nufa ko Montreal, ko kuwa zai iya haɗa su?

Malam, kada ka haɗa su. Tsakaninsu kimanin kilomita 540 ne, jirgin ƙasa na VIA Rail kuma yana cin wajen awa 5. Zuwa da dawowa sun cinye maka yini guda cikin uku, ga ɗaukar kaya da canjin masauki da yara a hannu. Zaɓi ɗaya ka more shi.

Daga filin jirgi, Toronto ta fi sauƙi. Jirgin ƙasa na UP Express yana tashi daga filin Pearson duk minti 15, ya sauke ka a tashar Union, tsakiyar gari, cikin minti 25. A Montreal bas mai lamba 747 za ka hau daga filin Trudeau. Tana aiki dare da rana, amma cunkoso na iya kai ta awa guda. Sayi tikiti a na'urar cikin filin jirgin kafin ka fito, domin direba ba ya karɓar kuɗin takarda.

Da ka shiga gari sai lamarin ya juya. Montreal a dunƙule take. Tsohon gari, wanda asalinsa ya koma 1642, da cocin Notre-Dame da tsohuwar tashar jiragen ruwa duk ƙafa ce ke kai ka. Washegari ku hau dutsen Mont Royal. Daga dandalin Kondiaronk za ku ga birnin shimfiɗe har bakin kogin St. Lawrence, kuma a Oktoba ganyayen sun koma ja da ruwan ɗorawa, abin da ba ka biyan ko sisi don kallonsa. Rana ta uku kasuwar Jean-Talon ta isa. Hattara biyu: titunan tsohon gari na duwatsu ne, keken jariri yana shan wahala a kansu, kuma tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da yawa ba su da lif. Sai batun tikitin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda mutane ke yawan yin asara. Akwai tikitin ƙarshen mako mai rahusa, amma yana ƙarewa ƙarfe 5 na asubahin Litinin. Tunda hutunka ya haɗa da Litinin, na kwana 3 za ka saya, kuma yana aiki a bas 747.

Toronto kuwa a warwatse take, abubuwan kallonta kuma galibi na biya ne. Hasumiyar CN, mai tsayin mita 553, da gidan kifaye na Ripley's suna maƙwabtaka, kusa da tashar Union. Yanki tikitinsu ta intanet tun kafin ranar, in ba haka ba layi zai cinye muku hantsi. Jirgin ruwa zuwa tsibiran Toronto bai wuce minti 15 ba, kuma daga can ne ake ɗaukar hoton birnin da kowa ya sani. Kasuwar St. Lawrence ba ta buɗewa ran Litinin, don haka Asabar da safe ce ranarta. Yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa ba sa biyan kuɗin bas da jirgin TTC, wato hukumar sufurin cikin birnin, haka ma a jiragen ƙasa na GO masu zuwa garuruwan kewaye.

Abin da Toronto ke da shi wanda Montreal ba ta da kamarsa shi ne babban gangaren ruwa na Niagara, kimanin kilomita 130 daga gari. Jirgin GO na zuwa can, sama da awa 2. Ware mata yini cikakke, ku fita da sassafe. A jirgin ruwan da ke kusantar gangaren ana raba rigar leda, amma takalma da ƙafar wando sai sun jiƙe, kuma ruwan Oktoba da sanyi yake. Sa wa yara safa da riga ta canji a jaka. Duba lokacin jirgin komawa na ƙarshe tun kafin ku bar tasha.

Abincin halal ba matsala ba ne a biranen biyu. A Toronto akwai shi ko'ina, musamman a titin Lawrence ta gabas a Scarborough da unguwar Thorncliffe Park. A Montreal nufi Petit Maghreb, a titin Jean-Talon ta gabas, inda 'yan Aljeriya, Maroko da Tunisiya ke da mahauta da gidajen abinci. Poutine, wato soyayyen dankali da cuku da romo a kai, tambayi da wane nama aka yi romon kafin ka ci.

Harshe: Montreal Faransanci ne a alluna da sanarwar tashoshi, ko da yake a tsakiyar gari za a amsa maka da Turanci. Wanda ya taso a Maraɗi ko Damagaram zai ji kamar an sauƙaƙa masa komai. Ɗan Kano ko Zariya zai fi sakewa a Toronto.

Farashin da ka gani a jikin kaya ba shi za ka biya ba. Lardin Ontario, inda Toronto take, na ƙara harajin kashi 13, Quebec, inda Montreal take, kusan kashi 15, sannan a gidan abinci ana barin wa mai hidima kashi 15 zuwa 20. Masauki a tsakiyar Toronto ya saba fin na Montreal tsada, kuma a makon hutu ɗakuna na ƙarewa da wuri.

A ganinmu, idan yaran ba su taɓa ganin Niagara ba, je Toronto: Asabar kasuwa da hasumiya, Lahadi Niagara, Litinin tsibiri. Idan kuwa hutu kuke nema da gaske, da aljihu mai sauƙi, Montreal ce. Ko wanne ka zaɓa, yi cefanen madara da burodi tun Lahadi, domin shaguna da yawa, musamman a Ontario, suna rufe ranar Litinin ɗin.